Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana cikin haƙa ta ya san lokacin da aikin yake sauya kama. Mahaƙi na can ƙasa, yaransa na jawo ƙasa da bokiti: ja da farko, sai marmara, sai tsakuwa, sai yashi mai danshi. Can sai ka ji murya daga ciki, "An taɓo ido!" Daga nan kuma sai tsere tsakanin mutum da ruwa. Yana tsattsafowa ta gefe da ta ƙasa, in ana son a ƙara ko da gaba ɗaya ce, dole a riƙa kwashe shi da sauri fiye da yadda yake shigowa. In aka ɗan yi sake, mahaƙi ya ji ruwa iya ƙugu.

To, ramin da ake haƙar kwal a fili shi ma rijiya ce, sai dai bakinta kan kai faɗin gari, kuma masu ita ba ruwan suke nema ba. Ruwan ma cikas ne a wurinsu. Kwal yakan kwanta ne shimfiɗa-shimfiɗa a cikin ƙasa. In yana da zurfi sosai, sai a bi shi ta rami kamar gafiya, yadda aka yi a Inugu. In kuwa yana kusa, ya fi araha a yaye duk abin da ke kansa, itatuwa da gonaki da ƙasa da dutse, a tara a gefe, sannan manyan motoci su shiga su kwashe shi. Sau da yawa kwal ɗin yana ƙasa da inda ruwa yake, katafila kuwa ba ta aiki cikin tafki. Saboda haka kafin a ɗebi tan ɗaya sai an janye ruwan, kuma ba za a daina janye shi ba, dare da rana, har ranar da aka rufe ramin.

Mutane da yawa suna ɗauka akwai wani kogi ko tafki a ƙarƙashin ƙasa wanda rijiya ke tararwa. A mafi yawan wurare ba haka abin yake ba. Ruwan yana maƙale ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsagogin dutse, kamar yadda yake zama cikin soso. Matan da ke tona yashin rafi da rani sun san wannan sarai: a tona kamu biyu, a ɗan jira, ruwa ya taru; a kwashe da ƙwarya, wani ya biyo. Daga ina ya biyo? Daga yashin da ke kewaye. Ruwan ƙasa duk a haɗe yake. Bai san iyakar gona ba, bai san shingen kamfani ba, kuma kullum gangare yake nufa. Nawa ce kawai gare shi: wani wurin bai fi taku ɗaya a yini ba, wani wurin ma sai a shekara.

Idan aka haƙa rami mai zurfi aka sa injuna suna zuƙe ruwa, ramin ya zama gangaren da ya fi kowane gangare a yankin. Ruwa sai ya fara sulalowa gare shi daga gabas da yamma, kudu da arewa. Matakin ruwan ƙasa sai ya lotsa ya yi siffar mazurari, ya fi faɗuwa a bakin ramin, faɗuwar tana raguwa gwargwadon nisanka da shi. Faɗin mazurarin ya danganta da zurfin ramin, da irin ƙasar, da yawan shekarun da aka yi ana zuƙa. A ƙasa mai yumɓu yana iya tsayawa kusa. A ƙasa mai yashi kuwa yakan yi kilomitoci. Duk rijiyar da ta faɗa cikin wannan da'ira ta shiga gasa da injin da ba ya barci.

Abin ba rana ɗaya yake zuwa ba, shi ya sa ba a saurin gane shi. A shekarar farko yarinya ta dawo gida ta ce igiya ba ta kai ba, a ƙulla mata wata. A ta biyu, tun watan Fabrairu guga ya fara fitowa da laka, alhali da sai Afrilu. Maigida ya kira masu yasa, su yashe, su ƙara gaba ɗaya, ruwa ya dawo na 'yan watanni. Sai a fara neman inda za a ɗora laifi: damina ce ba ta yi kyau ba, mutane ne suka yi yawa, wani ma ya ce saɓo aka yi a bakin rijiyar. Ba wanda zai kawo wa ransa ramin da ke can bayan tudu, tafiyar awa guda a ƙafa. Rijiyoyin hannu ne ke fara mutuwa, domin su ne marasa zurfi, kuma su ne na talaka. Sai rafi ya biyo baya, tunda ruwan da ke gudana a cikinsa bayan ɗaukewar damina daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa. Fadama ta bushe, mai noman rani ya ji injinsa yana jan iska, makiyayi ya canza hanya.

Inda aka fi bin wannan abu da alƙalami shi ne Jamus, kuma alƙaluman suna da ban tsoro. A yamma da birnin Kolon akwai ramukan kwal mai laushi. Ɗaya daga cikinsu, Hambach, wanda aka fara haƙa a 1978, zurfinsa ya kai kimanin mita 400. Domin a tsare shi a bushe, shi da maƙwabtansa irin su Garzweiler, kamfanin RWE ya kewaye su da ɗaruruwan rijiyoyin burtsatse, yana zuƙe ruwa wajen kubik mita miliyan 500 a shekara. Kubik mita ɗaya jarka 40 ce mai cin lita 25. Mai son lissafi ya ninka. Mazurarin ya bazu har ya taɓo kan iyakar Holan. A gandun Schwalm-Nette akwai dausayin da ba don ana turo masa ruwa ta bututu ana ɗura shi cikin ƙasa ba, da tuni ya bushe. Dausayi ke nan a kan ƙarin ruwa, kamar majiyyaci a gadon asibiti. An kuma tsara cewa in aka daina haƙa, za a jawo ruwa daga kogin Rayin ta bututu mai tsawon kusan kilomita 45 a cika ramin Hambach, aikin da aka ƙiyasta zai ci shekara 40. Yaron da aka haifa ranar da aka buɗe famfon yana iya aurar da 'yarsa ramin bai cika ba.

Ruwan da aka zuƙe ba ɓacewa yake yi ba. Yawancinsa a rafi ko kogi mafi kusa ake zubarwa, kuma a nan akwai ruɗi. Mutanen da ke gangaren wurin sai su ga rafinsu yana gudu har cikin bazara, su ce kamfani ya zo da albarka. A yankin Lausitz na gabashin Jamus an shafe fiye da shekara ɗari ana zuba ruwan ramukan kwal cikin kogin Spree, wanda ya ratsa Balin. A 2023 hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta bayyana cewa in aka kashe injunan, a watannin zafi da fari kogin yana iya rasa har kashi uku cikin huɗu na ruwansa a wasu sassa. Babban birnin ƙasa guda ya saba da kayan aro har ya manta na aro ne.

Ban da zuƙa, haƙar kanta tana rusa tsarin ƙasar. Ƙasa hawa-hawa take: yashi mai riƙe ruwa, yumɓu mai tare shi, sannan wani yashin a ƙasa. Yumɓun nan shi ke raba ruwan kusa da na nesa, mai daɗi da mai zartsi. Katafila kuwa gauraya su take yi gaba ɗaya. Ko an mayar da ƙasar cikin rami, an baje, an shuka itatuwa sun yi kore shar, abin da ke ƙarƙashi ba zai koma yadda yake ba. Nakiyar fasa dutse tana buɗe sababbin tsagogi, ruwan da ke sama ya tsiyaye ta cikinsu. Manyan motoci kuma suna danne ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, ruwan sama ya gudu maimakon ya nutse.

Wannan duk batun yawan ruwa ne. Batun lafiyarsa ya fi shi daɗewa, kuma asalinsa wani dutse ne da mafi yawanmu ba mu san sunansa ba. A jikin kwal, da cikin duwatsun da ke lulluɓe da shi, akwai wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinariya, har Turawa suna masa laƙabi da zinariyar wawaye. Masana suna kiransa fayirayit. Haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Muddin yana binne cikin ruwa inda iska ba ta kai masa, zai yi miliyoyin shekaru bai cuci kowa ba. Ranar da aka janye ruwan, ko aka tono shi aka jibge a fili, iska da danshi suka same shi, sai ya fara ruɓewa. Ƙarfen ya narke cikin ruwa, farar wutar ta rikiɗe ta zama asid, irin wanda ke cikin batirin mota, ko da yake bai kai shi ƙarfi ba. Akwai kuma wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda a cikin tsamin suke rayuwa, su ne ke hanzarta aikin ninkin-ba-ninkin.

Jefa dunƙulen kanwa cikin kwanon ruwa, ka zuba dakakkiya a wani kwanon, ka ga wadda za ta riga narkewa. Abin da haƙar fili ke yi ke nan. Ta ɗauki dutsen da yake a dunƙule ta farfasa shi, ta tara shi tsauni guda a fili, ruwan sama yana ratsa shi kowace damina yana fita ta gindinsa. Shi ya sa sau da yawa tulin ƙasar da aka yasar a gefe ya fi ramin kansa ɓarna.

Ana auna tsamin ruwa da wani ma'auni da ake kira pH. Ruwa mai kyau yana wajen 7, ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya kuma ta yarda da 6.5 zuwa 8.5. Duk saukar lamba ɗaya, tsamin ya ninka sau goma. Ruwan da ke fitowa daga irin wannan tuli yakan sauka har zuwa 3, dab da ruwan tsamiya. Ruwa mai tsami kuwa ɓarawo ne. Duk dutsen da ya ratsa sai ya ɗebi wani abu: ƙarfe, manganis, alminiyam, wani wurin har da asanik da dalma in dutsen na ɗauke da su. Idan ya fito ya haɗu da iska da ruwan rafi, ƙarfen sai ya koma tsatsa ya kwanta a kan duwatsu da yashi, jawur kamar an zubar da manja. Wannan laka ita ke shaƙe ƙwarin ruwa da ƙwan kifi, rafi ya zama kufai alhali yana gudu.

A cikin gida alamun ba sa ɓuya ga mai lura. Farar riga ta fito daga wanki da jan tabo. Sabulu ya ƙi kumfa. Shayi ya yi baƙi ƙirin da zarar an jefa ganye. Gindin randa ya yi ja. Ruwa ya riƙa bauri ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, baƙo ya sha cikinsa ya ɓaci, domin gishirin salfet in ya yi yawa yana sa gudawa, musamman ga jarirai da wanda bai saba ba. Bututun famfo ya huje tun kafin lokacinsa. Sai dai ga abin da nake so mai karatu ya riƙe da kyau. Jan ruwa ya yi maka adalci, tunda ya gargaɗe ka. Ruwan da ya fi tsami sau da yawa garau yake, wani lokaci da ɗan shuɗi ko kore mai ban sha'awa, domin tsamin ya riƙe ƙarfen a narke. In ka ga kududdufi a tsohon ramin haƙa, ruwa tas har kana hango ƙasa, amma babu kwaɗo, babu kifi, babu ko talibambam, to kada yara su shiga wanka, kada a shayar da dabba. Tafasawa kuma ƙwayoyin cuta kawai take kashewa. Ba ta cire ƙarfe ko gishiri, tana ma ƙara musu kauri tunda ruwa ne ke tafiya a tururi. Alimun yana kwantar da laka, amma ba ya taɓa abin da ya riga ya narke.

Wani zai ce, to ai in kamfani ya gama ya kashe injuna, ruwa zai dawo. Zai dawo, sai dai da guzuri. Duk shekarun da aka yi ana zuƙa, iska ta shiga inda ruwa ya bari, fayirayit ya yi ta ruɓewa, gishirinsa na taruwa. Ruwan da ke tasowa sai ya wanke wannan tarin duka ya tafi da shi. A Lausitz, bayan haɗewar Jamus a 1990, an rufe ramuka da yawa kusan lokaci guda. A lokacin giɓin ruwan ƙasa a yankin ya kai kimanin kubik mita biliyan 13. Ruwa ya yi ta tasowa a hankali, kowa na murna. Sai bayan kusan shekara ashirin kogin Spree ya fara yin ja a wajen garin Spremberg, salfet kuma ya riƙa hauhawa har ya tayar da hankalin masu tace ruwan sha na Balin. Masu haƙar ramukan sun tafi tare da gwamnatin Jamus ta Gabas. Kamfanin gwamnati, LMBV, shi ke ta zuba farar ƙasa cikin tafkuna don kashe tsami, yana yashe jar laka daga rafuka, da biliyoyin Yuro na masu biyan haraji.

A nahiyarmu, lardin Mpumalanga na Afirka ta Kudu ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa. A watan Janairun 2012, bayan ruwan sama mai ƙarfi, ruwa mai tsami daga wuraren haƙar kwal ya kwarara cikin madatsar Boesmanspruit, wadda garin Carolina ke sha. Ma'aunin pH ya faɗi zuwa wajen 3.7, ƙarfe da manganis da alminiyam da salfet duk suka haura ƙa'ida. Matatar ruwan garin ba don irin wannan aka gina ta ba. Mutane suka yi wajen wata bakwai suna bin motocin tanka, wasu kuma suna layi da jarkoki a burtsatsen masallacin garin. Sai da suka je kotu, a watan Yuli, ta umarci hukumomin yankin su samar da ruwan sha cikin awa 72. A lura, hukuma aka kama. Gano wane rami ne ya fi laifi cikin ramuka da yawa da ke zuba a rafi ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne.

Magani akwai, tsada ce da shi. A garin eMalahleni na wannan lardi, kamfanin Anglo American ya buɗe matata a 2007 wadda ke mayar da ruwan ramukan kwal ruwan sha, miliyoyin lita a kullum. Amma irin wannan matata wuta take ci, da magunguna, da ƙwararru, kuma dole ta ci gaba da aiki muddin dutse na fitar da tsami, ko da kwal ya ƙare. A ƙasar akwai tsofaffin wuraren haƙar ma'adinai iri-iri kusan 6,000 da masu su suka gudu suka bari.

Kada kuma a ce in babu tsami an tsira. Inda dutsen farar ƙasa yake da yawa yakan kashe tsamin, amma ruwan ya fito da zartsi, ko ɗauke da abin da harshe ba ya ji. A kwarin Elk na Kanada, tulin duwatsun haƙar kwal yana sakin sinadarin seleniyam, wanda ke taruwa a jikin kifi yana nakasa 'ya'yansu. A 2021 kotu ta ci kamfanin Teck tarar dalar Kanada miliyan 60 saboda gurɓata ruwan yankin.

Mu dawo gida. An gano kwal a Udi a 1909, aka fara fitar da shi daga Inugu a 1916. Ana yawan yabon kwal ɗin Nijeriya da ƙarancin farar wuta, kuma gaskiya ne ga mafi yawansa. Duk da haka ruwa mai tsami ya addabi ramukan Inugu tun ana cikin aiki, yana cin injunan zuƙa, bayan an daina haƙa kuma tsofaffin ramuka irin na Onyeama ba su daina tsiyaya cikin kogin Ekulu ba. Waɗancan na ƙarƙashin ƙasa ne. Kwal ɗin da ake haƙa a yau kuwa kusan duk a fili ne, kamfanonin siminti ne manyan masu buƙatarsa: Okaba da Okobo a ƙasar Ankpa ta jihar Kogi, Owukpa a Binuwai, sai Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, inda kamfanin simintin Ashaka ke haƙa tun wajen 2007, bayan an tashi mutanen ƙauyen an sake musu matsuguni. Mazauna waɗannan wurare sun sha kokawa a jaridu kan ƙura da kan ruwan rafukansu da rijiyoyinsu. Gombe kuwa dama can neman ruwa ba wasa ba ne, babban birnin jihar ma daga madatsar Dadin Kowa ake jawo masa.

A Nijar, kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yana haƙar kwal a fili a Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, yana ƙona shi ya ba da wuta ga Arlit da Agadas. Akwai kuma shirin Salkadamna a jihar Tawa da aka daɗe ana magana a kansa. A can arewa lissafin ya fi tsanani. Ruwan sama kaɗan ne, ruwan da ke cikin ƙasa mafi yawansa tsohuwar ajiya ce tun zamanin da Sahara ke da danshi. Abin da aka zuƙe ko aka ɓata, ba damina ɗaya ko goma ke mayar da shi ba.

Ba cewa nake yi kwal ba shi da amfani ba. Yana ba da aiki, yana ba da wuta, yana shiga cikin buhun simintin da muke gini da shi, a Nijar ma ana sarrafa shi don girki ko a rage saran itace. Kuma ba duk jan ruwa ne laifin rami ba. Akwai wurare da yawa a ƙasar Hausa da burtsatsensu ke fitar da ruwa mai ƙarfe alhali ba a taɓa haƙa komai kusa ba. Rijiyoyi suna ƙafewa saboda fari, da yawan jama'a, da yawan burtsatse. Sai dai wannan gaskiyar ita ce mafakar duk kamfanin da aka tuhuma. Mutanen gari su ce ruwanmu ya lalace, kamfani ya ce dama haka yake. Wa zai raba gardama? Tsoho yana iya rantsuwa cewa da igiya gaba shida ake jan ruwa a rijiyar masallaci, amma lauya zai tambaye shi takarda. Wanda ba shi da awon jiya ba zai iya tabbatar da ɓarnar yau ba.

Amurka ta gane wannan bayan ta sha wuya. Dokar haƙar kwal a fili da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1977 ta wajabta wa mai neman lasisi ya auna ruwan yankin ya bayyana abin da haƙarsa za ta yi masa, ya ajiye kuɗin jingina na gyaran wuri kafin ya fara, in kuma ya ɓata wa mutum ruwansa ya maye masa da wani. Mu ma a rubuce ba mu rasa komai ba. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ce sai an yi nazari kafin babban aiki, kuma bisa tsarin ma'aikatar muhalli akan baje rahoton na kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su yi ƙorafi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta yarjejeniyar raya al'umma tsakanin kamfani da mutanen wurin kafin a fara haƙa, a riƙa sake duba ta duk shekara biyar, ta kuma tanadi asusun gyaran muhalli. Amma rahoto mai ɗaruruwan shafuka cikin Turancin masana, a ajiye a sakatariyar ƙaramar hukuma, wane manomi ne zai karanta shi? Kwanakin sukan wuce ba wanda ya ji labari.

In aka zo zaman yarjejeniya kuma, abin da aka saba nema shi ne aji biyu na makaranta, da ɗakin shan magani, da guraben aikin gadi, da burtsatse. Duk suna da kyau. Amma burtsatsen da aka haƙa cikin mazurarin ramin, daga ruwan da ramin ke zuƙa zai sha, in bai yi zurfin da ya kamata ba shi ma ƙafewa zai yi, ko ya fara fitar da ja. Tambayoyin da suka fi nauyi ba kasafai ake yin su ba. Zurfin ramin nawa zai kai, kuma ina mazurarin zai tsaya? A ina za a zubar da ruwan da aka zuƙe, an tace shi ko kuwa? An gwada dutsen an ga ko mai fitar da tsami ne, in kuwa shi ne, za a ware shi a binne a rufe da yumɓu, ko a fili za a jibge? Rijiyoyin sa ido nawa za a haƙa tsakanin rami da gari, kuma wa zai riƙa ganin sakamakon? Sannan babbar tambaya: shekara ashirin bayan motar ƙarshe ta fita, wa zai biya kuɗin tace ruwa, kuma a wane asusu kuɗin suke yanzu?

Saboda haka, jama'ar duk garin da kuka ga baƙi suna yawo da taswira suna huda ƙasa suna ɗibar samfur, kada ku jira katafila ta iso. Ku samo igiya mai ƙarfi, ku ɗaura mata dutse, ku yi mata ƙulli a kowace mita. Ku zaɓi rijiyoyi biyar ko shida, na kusa da wurin da na nesa, ku riƙa auna nisan ruwa daga bakin rijiya sau ɗaya a wata, da asuba kafin a fara ja. Malamin makaranta ya rubuta kwanan wata da awon a littafi, dagaci da liman su sa hannu. Ku ɗebi ruwan a kwalabe masu tsabta, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina, ku kai ɗakin gwaji na jami'a ko na ma'aikatar ruwa, ku ce a duba tsami da ƙarfe da manganis da salfet, ku karɓo takardar mai hatimi ku adana kwafi a hannu fiye da ɗaya. Ku ɗauki hoton rafinku a watan Maris. Inda kuma an riga an fara haƙa, lokaci bai ƙure ba, awon bana zai yi muku shaida baɗi. Ku fara a wannan watan.